BABI NA HUƊU: HAUSAR LABARAI A ZAMANIN INTANET

4.0 Shimfiɗa

A babi na uku an bi tarihin aikin jarida da na rediyo cikin harshen Hausa, tun daga fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na shekarar 1939, da buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, da na Muryar Jamus a 1963, da na Muryar Amurka a 1979, har zuwa lokacin da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara yawaita a farkon wannan ƙarni. A wannan babi kuwa za a duba abin da ya sami wannan aiki bayan shigowar intanet, musamman ta fuskar harshen da ake rubuta labarai da shi.

Akwai wata magana da ake yawan yi a tarurrukan ƙara wa juna ilimi, wai intanet ta ɗaga darajar Hausa, domin a yau ana rubuta harshen kuma ana karanta shi fiye da kowane lokaci a tarihinsa. Wannan nazari bai musa yawan ba. Abin da yake son a tsaya a duba shi ne irin Hausar da ake rubutawa, da dalilin da ya sa take fitowa da wannan kama. Hujjar da za a kafa ita ce, yawancin aibobin da ake gani a Hausar labaran intanet sun samo asali ne daga yadda ake samun kuɗi da labarin da kuma na'urar da ake rubuta shi da ita, kafin a zo ga sakacin marubuci. Misalan da za a kawo an cire musu sunayen mutane da na garuruwa an bar siffarsu kawai, domin salon ake nazari, ba a nufin tozarta wata kafa.

4.1 Yadda Intanet ta Iso Hannun Bahaushe

Kafin shekarar 2001 layukan tarho da kamfanin NITEL yake da su a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Wanda yake son leƙa intanet a wancan lokaci sai ya tafi shagon da ake biyan kuɗin awa, ya zauna gaban kwamfuta yana jiran shafi ya buɗe. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, Glo ya biyo baya a 2003. A 2010 aka haɗa Legas da Turai da sababbin wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1, abin da ya taimaka farashi ya sauko. Daga nan sai wayoyi masu araha irin su Tecno da Itel suka cika kasuwannin Farm Centre da Beirut a Kano da takwarorinsu na sauran garuruwa. A shekarar 2018 ƙididdigar hukumar ta nuna layukan da ke hawa intanet sun haura miliyan 100.

Ya kamata a yi hattara da wannan adadi, domin layuka aka ƙirga, kuma kowa ya san mutum ɗaya kan riƙe layi biyu ko uku saboda gudun rashin sabis. Haka nan adadin bai bambanta ɗalibin da ke Kano da manomin da sai ya hau tudu yake samun sandar sabis ɗaya ba. Duk da haka, abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne ƙofar da aka shigo ta cikinta. Mutanen Turai da Amurka sun san intanet a kan kwamfuta kafin ta koma waya. Akasarin Hausawa kuwa a waya suka fara ganinta, kuma a nan suka tsaya. Wannan ya haifar da abubuwa da dama da za a ci karo da su a gaba: fuskar waya ƙarama ce, ba ta ɗaukar dogon bayani, allon rubutunta na Ingilishi ne, sannan data ana sayenta ne kaɗan-kaɗan kamar man gyaɗa a cokali, don haka mai karatu yana lissafin abin da kowane shafi zai ci masa.

Wani abin lura kuma shi ne, Bahaushe ya daɗe yana karɓar labari da kunne. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, a zamanin da masu karatun boko ba su da yawa, mutum ɗaya kan saya ya karanta wa jama'a a dandali ko a ƙofar fada. Saboda haka da WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013, sai ya zama tamkar don Hausawa aka yi shi: wanda bai iya boko ba ma ya samu bakin magana. Wannan ne ya sa hasashen da aka riƙa yi cewa intanet za ta kashe rediyo bai tabbata a ƙasar Hausa ba. Shirin Inda Ranka na gidan rediyon Freedom da ke Kano, alal misali, ana sauraronsa a akwatin rediyo, sannan a bi shi a Facebook da YouTube, har waɗanda ke Saudiyya da Sudan su ji abin da ya faru a unguwarsu. Jaridar takarda ce ta ji jiki. Gaskiya ta durƙushe tare da 'yar'uwarta New Nigerian, Aminiya kuwa, wadda ta fara fitowa a 2006, labaranta na kullum a shafinta na intanet ake samunsu.

4.2 Kanun Labari

A nan ne sauyin ya fi fitowa fili, don haka za a ɗan daɗe a kansa.

A jaridar takarda mai karatu yana biyan kuɗinsa ne kafin ya karanta. Da zarar ya miƙa kwabonsa, ciniki ya faɗa, editan ba ya da sauran buƙatar ya yaudare shi a shafi na uku ko na biyar. Aikin kanu a nan shi ne ya taƙaita labari, yadda wanda ke sauri zai iya wucewa da gundarin abin da ya faru. A intanet kuwa ba a sayar da jarida dunƙule. Kowane labari shi yake tallan kansa a tsakiyar hotunan biki da wa'azi da barkwanci, kuma kafar ba ta samun ko sisi sai mai karatu ya taɓa kanun ya shiga shafin ya ga tallace-tallacen da ke ciki. Idan kanu ya faɗi labarin duka, mai karatu ya gamsu ya wuce, kafar ta yi asara. Ke nan abin da yake kyakkyawan aiki a takarda ya zama hasara a waya. Daga nan aka samu kanun da aikinsa ɓoye labari. Dubi waɗannan siffofi guda biyu:

(a) Gwamna ya sallami kwamishinan lafiya kan ɓatan kuɗin magani

(b) Tirƙashi: Gwamna ya ɗauki mataki mai tsauri kan wani babban jami'insa, an bayyana dalili

A misali na (a) akwai wanda ya yi, da abin da ya yi, da wanda aka yi wa, da dalili, cikin kalmomi tara. Misali na (b) ya fi tsawo, amma babu abin da mai karatu ya ƙaru da shi sai sanin cewa wani abu ya faru. An cire aikatau mai ma'ana, wato «sallama», an sa «ɗaukar mataki» wanda zai iya zama kora ko dakatarwa ko jan kunne. An cire suna an sa «wani». Shi kuwa «an bayyana dalili» alkawari ne kawai. Kalmomin «wani» da «wata» da «wasu», waɗanda a nahawu aikinsu nuna abin da ba a fayyace ba, sun zama jarin wannan salo, domin marubucin ya san sunan sarai, ɓoyewa ya yi.

Wani zai iya cewa ai jan rai tsohon salo ne a adabin Hausa, mai tatsuniya yana yinsa, marubucin ƙagaggen labari ma yana yinsa. Haka ne. Amma mai sauraron tatsuniya ya san wasa ake yi, ya kuma zauna ne domin a ja masa rai. Wanda ya ga kanun da ke cewa 'yan bindiga sun kai hari «wani ƙauye» a jiharsu, alhali mahaifiyarsa tana ƙauye, ba nishaɗi ya zo nema ba. Idan ana neman abin da ya yi kama da kanun labari a al'adar Bahaushe, to sanƙira ne ko mai shela. Shi ma yakan fara da kiran hankali, amma da jama'a sun yi tsit sai ya sauke saƙon sarki gaba ɗaya. Ba a taɓa jin mai shelar da ya tara mutane sannan ya ce duk mai son jin sauran ya biyo shi gida ba.

Sai kuma kalmomin buɗe kanu, irin su «Da ɗumi-ɗumi» da «Yanzu-yanzu» da «Wata sabuwa» da «Ta faru ta ƙare». Asalinsu ba laifi, hasali ma Hausa ce mai daɗi, an ɗauko ta daga bakin mutane. Matsalar ita ce yawan amfani ya cinye musu ma'ana. Labarin da ya kwana biyu ana liƙa masa «Da ɗumi-ɗumi», har mai karatu ya daina gaskata kalmar, ranar da babban abu ya faru kuma babu sauran kalmar da za a kira shi da ita. Wanda ya fi damun mai wannan nazari shi ne yadda ake sa kalmar istirja'i a farkon kanu. Musulmi yana furta ta ne idan musiba ta auku, kuma duk Bahaushen da ya gan ta a rubuce tare da hoton mutum, mutuwa ce take fara zuwa masa a rai. Wasu shafuka sun gane haka, sai su sa ta a saman hoton fitaccen malami ko ɗan wasa, a shiga a tarar ashe motarsa ce ta lalace, ko wani maƙwabcinsa ne ya rasu. Mai nazari ya taɓa ganin yadda irin wannan kanu ya sa wata dattijuwa a gidansu kuka da salati, kafin a samu mai data ya buɗe labarin a ga mutumin yana nan da ransa. Wanda ya rubuta kanun ya samu abin da yake nema, tunda an buɗe shafin.

Adalci shi ne a faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kafofin da ba su dogara da kuɗin talla ba, irin sassan Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje, da jaridun da ke da editoci masu tsohuwar tarbiyyar aiki, kanunsu ya fi kusa da misali na (a). Wannan ma ƙarin hujja ce ga abin da aka faɗa tun farko, wato inda aka bambanta a hanyar samun kuɗi, a nan aka bambanta a salo. Sai dai su ma ɗin suna cikin kasuwa ɗaya da sauran, kuma ana iya ganin yadda kanun tambaya, irin «Me ya sa...?» da «Ko kun san...?», yake ƙara yawa a shafukansu.

4.3 Ƙa'idojin Rubutu

Rubutun boko na Hausa bai zauna a rana ɗaya ba. Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, a shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, duk domin a samu hanya ɗaya ta rubuta harshen. Wanda ya duba tsofaffin kundayen digiri da ke ɗakin karatu na sashe zai ga an buga su da tafireta, sannan ɗalibi ya bi kowane shafi da biro yana yi wa k da d da b ƙugiya. Wahala ce, amma an yi ta, domin an ɗauki ƙugiyar a matsayin ɓangaren harafi.

A yau wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, muddin an saka allon rubutu na Hausa. Amma akasarin labaran da ake sakawa a intanet babu su. Dalili na farko sauri ne da rashin sabo. Na biyu ya fi zurfi: mai neman labari yana rubuta «kasa» ne da «kudi» a wurin bincike, don haka mai shafi yana tsoron idan ya rubuta «ƙasa» da «kuɗi» ba za a gano labarinsa ba. Wato na'ura ce take yanke hukunci a kan ƙa'idar rubutu, abin da a da sai an tara masana ake yi.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa Bahaushe yana gane ma'ana daga muhallin magana. Sau da yawa haka ne, tun da dai dama ba a nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum, kuma ana karantawa. To amma wannan hujja tana iya juyawa kan mai ita: tun da an riga an bar wa mai karatu nauyin cankar karin sauti da tsawon wasali, ƙara masa nauyi na uku ba ƙaramin abu ba ne, balle a kanu, inda muhallin maganar bai wuce kalmomi bakwai ko takwas ba. Dubi wannan:

(c) Shugaban karamar hukuma ya bata kudin marayu

Idan «ya ɓata kuɗin marayu» ake nufi, zargi ne mai nauyi da zai iya kai mutum kotu. Idan kuwa «ya ba ta kuɗin marayu» ne, wato ya miƙa wa wata mata, to yabo ne. Kuskure biyu ne suka haɗu a kalma ɗaya, rashin ƙugiya da haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Haka «ta kara da» da «ta ƙara da», ko «fada» da «faɗa», ko «baki» da «baƙi», ko «kafa» da «ƙafa».

Matsalar raba kalma da haɗewa ma ta fi ta ƙugiya yaɗuwa, kuma ita ba za a ɗora wa waya laifinta ba. Ana rubuta «yace» da «akan» da «dashi» da «nada» ba tare da lura da cewa «a kan» daban, «akan» daban ba: na farko wuri yake nunawa, na biyu sabo. Abin da ya sa wannan ya zama abin damuwa shi ne, yaro mai tasowa a yau ya fi karanta Hausa a waya fiye da a littafin makaranta. A da jarida ce take koya wa mutane yadda ake rubutu ko da ba su sani ba, domin duk abin da ya fito daga maɗaba'ar Gaskiya ya bi ta hannun masu gyara. Yanzu jaridar ce take koyon rubutu daga masu karatunta.

4.4 Fassara da Sababbin Kalmomi

Yawancin labaran Hausa na intanet ba da Hausa aka fara rubuta su ba. Sanarwar gwamnati da Ingilishi take fitowa, haka rahotannin kamfanonin dillancin labarai, sai a ba wani ya juya. Wannan tsohon abu ne, gidajen rediyo sun shekara da shekaru suna yi. Bambancin shi ne lokaci. Mai fassara a rediyo yana da sa'o'i kafin shirin ƙarfe takwas da rabi na dare, kuma zai karanta abin da ya rubuta da bakinsa, inda duk jimlar da ba ta zauna ba harshensa zai yi tuntuɓe da ita. Mai fassara a shafin intanet yana tsere ne da wasu shafuka goma, kuma ba wanda zai ji jimlar tasa da kunne kafin ta fita.

Sakamakon haka shi ne Hausar da kalmominta na Hausa ne amma ƙashin bayanta na Ingilishi. Za a ga «a ƙarshen rana» inda Bahaushe zai ce «daga ƙarshe», ko «yana ƙarƙashin bincike» maimakon «ana bincikensa», ko a jera sunan mutum da muƙaminsa da wurin taro da ranar taro kafin a zo ga aikatau, har mai karatu ya manta wanda ake magana a kansa. Kowane jami'i «bayyana cewa» yake yi, kowane gwamna «shan alwashi» yake yi, kamar an hana su faɗa ko cewa ko yin alkawari. Tun da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013 kuma aka samu wani sabon nau'in kuskure da ke tona asirin mai shi, wato rikita jinsi, inda za a ce «ministar ya ce», ko a fara labari da «ta» a ƙare da «ya» alhali mutum ɗaya ake nufi. Bahaushen da ya rubuta da kansa ba ya irin wannan kuskure ko yana barci.

Duk da haka, a fagen ƙirƙirar kalmomi an yi abin a yaba, kuma galibi ba wata hukuma ce ta zauna ta yi ba. «Manhaja» da a da tsarin karatu kawai take nufi ta samu sabuwar ma'ana ta zauna daram. «Kutse» ya dace da aikin masu shiga asusun mutane ba da izini ba. «Ɗorawa» da «saukewa» sun fito daga aikin ɗan dako sun shiga waya ba tare da an ji baƙuntarsu ba. «Shafukan sada zumunta» kuwa ta fi sunan da Turawa suka ba abin taushi, ko da yake wanda ya ga irin zagin da ake yi a can zai ce an yi wa abin kyakkyawan zato. Ita ma «yanar gizo» haka: an yi nufin saƙar gizo-gizo, amma kunnen Bahaushe ba zai rasa jin sunan Gizo na tatsuniya a ciki ba, sarkin wayo da ƙarya. Wanda ya tuna daren watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaya wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka kwantar da mutane a asibiti wasu suka rasu, zai ce sunan bai yi kuskure ba.

Inda ake da rauni shi ne rashin daidaito. Abu ɗaya sai a same shi da suna uku a kafofi uku, babu mai raba gardama. Wannan gurbi ne da sassan Hausa na jami'o'i da cibiyoyin nazarin harsuna ya kamata su cike, amma ƙamus na takarda da ke ɗaukar shekaru kafin ya fito ba zai iya tsere da kalmar da ke yaɗuwa cikin mako ɗaya ba.

4.5 Ina Aka Dosa?

Masu cewa makomar watsa labarai gaba ɗaya tana intanet suna magana ne kamar hanyar a buɗe take kullum. Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna akwai masu riƙe da makullinta. Gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A waɗannan makonni duk wanda ya jingina da waya ya zama kurma, sai mai tsohon akwatin rediyo da batir biyu ne ya san abin da duniya take ciki. Ga kuma tsada: a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, alhali sauraron rediyo ba a biyan ko kwabo.

Shi ma rediyon ba a ce ya tsira ba. Sojojin da suka karɓi mulki a Nijar sun dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024. A watan Maris na 2025 kuma umarnin shugaban Amurka ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, har da Sashen Hausa wanda ya shekara 46 yana magana. Wannan ya tuna mana cewa kafofin da aka yaba wa Hausarsu a 4.2, da kuɗin gwamnatocin wasu ƙasashe suke aiki, kuma ranar da buƙatar waɗannan ƙasashe ta sauya ba za a yi shawara da mai sauraro na Gusau ko na Maraɗi ba. Kafofin gida kuwa da kuɗin talla suke rayuwa, wanda kamfanonin Google da Meta ne suke tsara yadda ake rabonsa. Ta kowane ɓangare aka duba, mai karatun Hausa ba shi ne yake biyan kuɗin labarin da yake karantawa ba, don haka ba shi ake jin tsoron ɓata wa rai ba. Wanda ya sayi Gaskiya da kwabonsa yana da wannan iko, ko da kuwa gwamnati ce take tallafa wa jaridar.

Akwai alamun da ke ba da ƙarfin gwiwa. Gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, ta fito da marubutan da ba don waya ba da wuya rubutunsu ya bar ɗakinsu. Mai sauraron da a da yake aika takarda ta gidan waya ya jira wata guda kafin a karanta sunansa, yau yana iya gyara wa ɗan jarida kuskure cikin minti biyar, kuma ana yi. Sai dai wannan bai warware wata matsala da ta shafi manazarta kai tsaye ba, wato ajiya. Ɗalibin da ke son ganin Hausar Abubakar Imam ta 1939 zai iya zuwa ɗakunan adana tarihi irin na Arewa House da ke Kaduna ya nemi tsofaffin kofen Gaskiya. Labarin intanet kuwa ana iya sauya masa kanu bayan awa ɗaya, ko a goge shi, ko shafin ya mutu ranar da mai shi ya kasa biyan kuɗin shekara. Dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, an rufe shi a ƙarshen 2023. A lokacin tattara bayanan wannan babi ma, wasu daga cikin kanun da mai nazari ya kwafa a littafinsa a zangon karatu na farko, da ya koma neman su a zango na biyu domin ya tabbatar da lafazinsu, ya tarar an sauya biyu, ɗaya kuma shafin da ke ɗauke da shi ba ya buɗewa.